Cocin Methodist na Badagry: ginin 1842 ne, kuma wa ya kafa shi?

Tambaya: Baba, ina gaisuwa. Ni ɗan Jos ne, na yi bautar ƙasa a Badagry ta jihar Legas. Akwai wani babban cocin Methodist a garin mai ɗauke da sunan Freeman, mutanen wurin suna cewa a nan Kiristanci ya fara a Najeriya a 1842. Shin ginin da na gani tun na wancan lokacin ne? Wane ne Freeman ɗin? Kuma in har su ne na farko, me ya sa a nan Jos ba mu cika ganin Bahaushe ko ɗan Filato a Methodist ba, sai a ECWA da COCIN?

Amsa: Ina amsawa, ɗana, sannu da dawowa, Allah ya sa albarka a hidimar da ka yi wa ƙasa. Na ji daɗin tambayar nan ƙwarai, don shekarun da na yi ina koyar da tarihin ikilisiya a nan Filato, abin da ya fi damuna shi ne yadda 'ya'yanmu ke zuwa Kudu su wuce ta gaban irin waɗannan wurare ba tare da sun tsaya sun yi tambaya ba.

Shekarar da suka faɗa maka daidai ce. Ranar 24 ga Satumba 1842 Thomas Birch Freeman ya sauka a Badagry, kuma ita ce ranar da ɗarikar Methodist ta Najeriya ke ƙirga shekarunta daga gare ta har yau. Amma ginin da ka gani ba na wancan lokacin ba ne. Majami'ar farko da gora aka yi ta, aka rufe da ganye, irin ginin da ba ya jure damina da yawa a bakin teku. Bayan haka ma wuta ta ci garin a yaƙin 1851. Ginin da ke tsaye yanzu jikoki da tattaɓa-kunne ne suka gina shi don tunawa da Freeman, shi ya sa aka sa masa sunansa. Abin da ya kai shekara ɗari da tamanin da 'yan kai shi ne jama'ar da ke taruwa a wurin, ba bangon ba. Haka zancen yake a kusan duk tsofaffin majami'un Kudu. Shekarar da aka rubuta a allon ƙofa ta kafuwar ikilisiya ce, shekarar ginin kuwa sai ka sunkuya ka duba dutsen harsashi a gindin bango, galibi kusa da babbar ƙofa.

Maganar cewa a nan Kiristanci ya fara kuwa tana buƙatar ɗan gyara. Limaman Katolika daga Fotugal sun shiga Benin tun farkon ƙarni na 16, sun kuma yi aiki a masarautar Warri daga ƙarshen wannan ƙarnin, har aka sami sarakunan Itsekiri da suka yi baftisma. Sai dai wannan aikin ya tsaya a fada, bai shiga cikin talakawa sosai ba, daga baya ya dushe. Abin da Badagry za ta iya bugun ƙirji da shi shi ne, aikin da aka soma a can a 1842 bai yanke ba har zuwa yau. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne.

Ka zauna a garin, ka san yadda yake: ga gari, ga dogon ruwan nan mai kwanciya a gabansa, sai an haye da kwalekwale zuwa Gberefu, a taka rairayi, sannan a kai bakin teku. Wannan hanyar ita ce arzikin Badagry a da, kuma ita ce abin kunyarta. Garin ya kasu unguwa-unguwa, kowace da sarkinta, irin su Akran da Wawu da Mobee da Posu, kowanne da Turawan da yake hulɗa da su. Abin da ake sayarwa mutane ne. Ina so ka riƙe wannan, don mu 'yan Arewa muna yawan ɗaukar labarin kamar na wasu ne can. A farkon ƙarni na 19, cikin bayin da aka loda daga wannan gaɓar zuwa Bahia ta Burazil akwai Hausawa da Nufawa da Barebari masu yawa, waɗanda yaƙe-yaƙen zamanin suka watso su Kudu. Kuma daga Badagry ɗin nan Clapperton, Baturen Birtaniya mai yawon binciken ƙasa, ya tashi a ƙarshen 1825, ya bi ta tsohuwar Oyo da Bussa da Kano har ya kai wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Sakkwato, inda ya rasu a 1827. Hanyar da ta kai Bature Sakkwato ita ce ta kawo bayi bakin teku.

Yanzu ga inda labarin yake, kuma nan ne ake yawan tsallakewa. A 1807 Birtaniya ta haramta cinikin bayi ga 'yan ƙasarta, ta sa jiragen yaƙinta suna tare jiragen bayi a teku. Galibi in aka kama jirgi sai a kai shi Firitawun ta Saliyo, a kwance mutanen a sake su a can. Da daular Oyo ta rushe, yaƙi ya ɓarke a ƙasar Yarbawa, dubban mutanen da aka sauke a Saliyo suka zama Yarbawa, musamman Egbawa. Sun tarar da Methodist a can tun kafin su, don baƙaƙen da suka zo daga Nova Scotia a 1792 sun taho da ita, sun kuma riƙe ta da kansu kusan shekara ashirin kafin Ingila ta aiko musu da ɗan mishan a 1811. Cikin 'yantattun nan wasu suka shiga Angilika, wasu Methodist, wasu kuma suka riƙe Musuluncinsu. Suka koyi karatu, suka koyi kafinta da ɗinki da gini, wasu suka yi kuɗi a kasuwanci. Har ta kai wasunsu suna haɗa kuɗi su sayi jiragen bayin da aka ƙwace a gwanjo, su riƙa fatauci da su a gaɓar teku. Ka tsaya ka yi tunanin wannan: mutum ya mallaki irin jirgin da aka taɓa ɗaure shi a cikinsa. A irin wannan fataucin suka gane Badagry da Legas, suka ji labarin cewa danginsu da suka tsira sun taru a wani sabon gari ƙarƙashin dutse, Abeokuta. Daga 1839 sai suka fara komawa gida, ɗari bisa ɗari. Su ne ake kira Saro.

Ɗaya daga cikinsu, wani ɗan Methodist mai suna James Ferguson, shi ne ya zauna a Badagry a 1841 ya rubuta wasiƙa zuwa ga shugabannin ɗarikarsa a Saliyo, yana roƙo a aiko musu da mai wa'azi, wani daga cikin sarakunan garin ya mara masa baya. Sarkin nan da nasa lissafin, yana son Ingilishi su zo da ciniki da kariya, ba sai an ɓoye wannan ba. Amma Ferguson da 'yan'uwansa abin da ya dame su daban ne. Sun saba da sujada da taron addu'a da makarantar yara, ga su a garin da babu ko ɗaya, ga tsoron kada a sake kama su a sayar. Kafin wani ɗan mishan ya taka garin, suna taruwa suna addu'a da kansu. Saboda haka in ka tambaye ni wa ya kafa ikilisiyar Badagry, zan ce maka tsofaffin bayi ne da suka dawo gida. Freeman kiransa aka yi, ya amsa.

Ba don in rage masa daraja na faɗi haka ba, mutum ne da ya cancanci a sa wa majami'a sunansa. An haife shi a 1809 a ƙauyen Twyford a Ingila, mahaifinsa ɗan Afirka, mahaifiyarsa Baturiya. Sana'arsa ta farko kula da lambu ce a gidan wani attajiri, kuma ya san tsirrai ƙwarai. Ya bar aikin saboda wa'azin Methodist da yake yi, ya miƙa kansa ga mishan, aka tura shi Cape Coast a ƙasar da muke kira Gana yanzu, ya isa a Janairun 1838. A lokacin nan zuwa wannan gaɓar kamar sa hannu ne a takardar mutuwa. Joseph Dunwell, wanda aka fara turawa a 1835, bai kai wata shida ba zazzaɓi ya kashe shi, waɗanda suka biyo shi su ma haka. Matar Freeman ta rasu cikin 'yan makonni da isowarsu. Shi kuwa ya tashi daga jinya ya ci gaba, ya je Kumasi wurin sarkin Asante a 1839, ya kuma rayu har 1890, ya rasu a Akara. Da wasiƙar Ferguson ta kai inda za ta kai, shi ne mafi kusa da Badagry, sai aka ce ya je.

Bai zo shi kaɗai ba. Ya taho da William de Graft da matarsa, mutanen Fante, da wasu ma'aikata. Ya sayi fili, aka kafa majami'ar gora, aka gina gidan mishan a bisa dirkokin kwakwa don ya ɗaga daga damshin ƙasa. A watan Disamba ya hau zuwa Abeokuta, inda Sodeke, jagoran Egbawa, ya karɓe shi hannu bibbiyu, 'yan Saliyon da ke can kuma suka fito tarbarsa. Da ya sauko Badagry a jajibirin Kirsimeti ya tarar da Henry Townsend na Angilika ya iso daga Saliyo, shi ma a kan hanyarsa ta zuwa Abeokuta, shi ma saboda kiran 'yan Saro. Washegari, 25 ga Disamba 1842, suka yi sujadar Kirsimeti tare. Al'adar garin ta ce a gindin itacen agia aka yi wa'azin farko. Guguwa ta kayar da itacen a 1959, aka kafa dogon ginshiƙin tunawa a gurbinsa, wanda na tabbata ka gani kusa da zauren taron gari. Tsohon benen nan kuma da ake kai baƙi su gani a bakin ruwa, mai matakalar katako, na Angilika ne, an gama shi a 1845. Masu zagayawa da baƙi kan haɗa labaran biyu su zama ɗaya, ka riƙa rarrabewa.

Freeman wata uku da 'yan kwanaki ya yi, ya wuce Dahomey wurin Sarki Gezo a farkon 1843, ya koma Cape Coast. Wanda ya zauna da aikin shi ne de Graft, kuma a ganina an yi wa mutumin nan ƙwauron yabo. Shi ne fa tun farko, yana cikin wasu samari masu taruwa su karanta Littafi Mai Tsarki a Cape Coast, ya roƙi wani matuƙin jirgin Ingila ya kawo musu Littattafai, roƙon da ya jawo aka aiko Dunwell a 1835. Ka ga ke nan a Gana ma ɗan ƙasa ne ya yi kira. A Badagry shi da matarsa suka buɗe makaranta a 1843, wadda masana tarihin ilimi da yawa ke ƙirgawa a matsayin makarantar boko ta farko a ƙasar nan. Ba harshensu ba ne, ba garinsu ba ne, ga masu cinikin bayi suna musu kallon abokan gaba. Sun zauna.

Za ka ce, ta yaya ikilisiya ke rayuwa alhali rabaran yana can wata ƙasa? Amsar tana cikin tsarin da John Wesley, wanda ya assasa Methodist, ya bari. Wesley limamin Angilika ne, an haife shi 1703, ya rasu 1791 bai fita daga cocin Ingila ba, sai bayansa mabiyansa suka tsaya da ƙafarsu. Abin da ya ƙware a kai shi ne tsara talakawa su riƙe junansu. A 1742, a garin Bristol, aka fara raba masu bi zuwa ƙananan azuzuwa na mutum kamar goma sha biyu, kowane aji da shugabansa, kowa na ba da kwabo ɗaya a mako. Da farko don a biya bashin gini aka yi haka, sai aka ga shugaban aji, garin karɓar kwabo, ya san wanda ba shi da lafiya, da wanda ya koma shan giya, da wadda mijinta ke duka. Daga nan aji ya zama ƙashin bayan ɗarikar. Shugaban aji ba fasto ba ne. Kafinta ne, ko tela, ko mai sayar da kifi, mace ko namiji. Sama da shi akwai masu wa'azi na sa-kai da ake jarrabawa a ba su izini, a rubuta musu jadawalin inda kowa zai yi wa'azi kowace Lahadi. Majami'u da dama su haɗu su zama da'ira ɗaya, rabaran ɗaya yana zagaya su don baftisma da jibin Ubangiji.

Na taɓa riƙe tsofaffin katunan aji a hannuna, na wata dattijuwa Bayarabiya da ta tsufa a nan Jos, 'yarta ta nuna mini su ɗaure da zare a cikin gwangwanin biskit. Kowane kati bai kai tafin hannu ba. A sama an buga sunan ɗarika da watan da aka bayar, a tsakiya aya guda ta Littafi Mai Tsarki, a ƙasa sunanta da tawada da sa hannun rabaran. Duk wata uku ake sabuntawa. Wanda ya daina zuwa aji ba a yi masa hayaniya, sai dai kawai ba a ba shi sabon kati ba, kowa kuma ya san abin da hakan ke nufi. In mutum zai yi ƙaura, da takarda yake tafiya ya miƙa wa ikilisiyar garin da ya sauka. Da irin wannan 'yar takarda Methodist ta yi tafiya daga Firitawun zuwa Badagry, daga Badagry zuwa Legas, daga Legas ta hau jirgin ƙasa zuwa Arewa.

Gaskiyar da ba a cika faɗa a ranar biki ba ita ce, Badagry kanta ba ta karɓi saƙon da hannu biyu ba. Mutanen Ogu, 'yan asalin garin, suna da addininsu mai ƙarfi, kuma manyansu sun ga waɗannan baƙin suna sukar cinikin da ke ciyar da su ba tare da sun kawo wani a madadinsa ba. Shekaru aka yi ana wa'azi, waɗanda ke cika benci 'yan Saro ne da yaran makaranta. Sai rikicin sarautar Legas ya faɗo wa garin. Kosoko ya kori baffansa Akitoye daga sarauta a 1845, Akitoye ya zo ya fake a Badagry, garin ya rabu biyu, a tsakiyar 1851 aka gwabza, wuta ta cinye unguwanni, mutane suka watse. A ƙarshen shekarar jiragen yaƙin Ingila suka yi wa Legas ruwan wuta, suka kori Kosoko suka mayar da Akitoye, a 1861 kuma suka haɗiye garin gaba ɗaya. Ciniki ya koma Legas, 'yan Saro suka bi ciniki, 'yan mishan suka bi 'yan Saro. Badagry ta zama ƙaramar tasha a gefen da'ira. Cewa ikilisiyar ba ta mutu ba a waɗannan shekarun na shiru, aikin malaman makaranta ne da shugabannin aji waɗanda yawancinsu ba a rubuta sunayensu a allon marmara ba. Ni a wurina su ne suka fi ban sha'awa a duk tarihin wurin.

A Legas ɗin, unguwar Olowogbowo aka ba 'yan Saro, nan aka kafa majami'ar Methodist da ke tsaye har yau, sai ta Tinubu a tsakiyar gari. Ba nisa da su akwai masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894, wanda shi ma wani attajiri haifaffen Saliyo ya gina. Jirgi ɗaya ya dawo da Musulmi da Kirista, wani lokaci ma gida ɗaya suka fito. A 1878 aka raba aikin Methodist na Najeriya da gundumar Gana ya tsaya da kansa, a shekarar aka buɗe babbar makarantar maza ta Methodist a Legas, ta mata ta biyo baya a 1879. Nnamdi Azikiwe, wanda aka haifa a Zungeru ya kuma tashi yana jin Hausa, ya yi karatu a ta mazan. Obafemi Awolowo ya bi ta kwalejin Wesley ta Ibadan da aka kafa a 1905. Duk wannan daga makarantar goran de Graft ya samo tushe.

Amma akwai aibi, kuma ba zan rufe shi ba. Da yawa cikin 'yan Saro sun ɗauki kansu sun fi 'yan'uwansu da ba su taɓa barin gida ba. Sunan Turawa, kwat da hular Turawa cikin zafin Legas, sujada da Turanci, har mai zuwa daga ƙauye ya ji kamar sai ya canza fata kafin ya zauna a benci. Su kuma Turawan mishan na ƙarshen ƙarnin, saɓanin zamanin Freeman, sun riƙe shugabanci gam sun hana 'yan ƙasa. Rikicin da ya fi fitowa fili a Methodist shi ne na 1917 a majami'ar Ereko ta Legas, inda aka tsige masu mata fiye da ɗaya daga zama cikakkun 'yan ikilisiya, cikinsu har da manyan masu riƙe da ita. Suka fita suka kafa tasu ɗarikar, wadda ake yi wa laƙabi da Eleja. Tambayar da ta raba su, yadda za a yi da mutumin da bishara ta same shi da mata biyu ko uku, ita ce dattawanmu a nan Filato suka yi ta fama da ita shekaru bayan haka.

Sauran tarihin ɗarikar zan bi da sauri. Akwai wani reshe na dabam na Methodist daga Ingila da ya shigo ta tsibirin Fernando Po zuwa yankin Oron a shekarun 1890, ya bi ta ƙasar Ibibiyo da Ibo, ya kafa kwalejin Uzuakoli a 1923. Rassan biyu sun haɗe a Ingila a 1932, amma a nan gundumar Yamma da ta Gabas suka ci gaba da zama daban har 28 ga Satumba 1962, ranar da aka kafa ɗarikar Methodist ta Najeriya mai cin gashin kanta. A 1965 saura ƙiris ta haɗe da Angilika da Firesbiteriya su zama ikilisiya ɗaya, sai wasu majami'un Methodist na Legas suka garzaya kotu, maganar ta wargaje. A 1976, zamanin Farfesa Bolaji Idowu, aka kawo tsarin bishop-bishop, wasu suka ce wannan ba gadon Wesley ba ne, aka dare gida biyu, ba a sasanta ba sai 1990 a zamanin Sunday Mbang. Shi ya sa yanzu kake jin ana kiran majami'ar Badagry katidiral, abin da de Graft bai taɓa sani ba.

To, mu zo gida. Me ya sa na farko a Kudu bai zama na farko a Filato ba? Ba don ba su yi niyya ba. A wajejen 1879 sun tura wani rabaran, Allakura Sharpe, Babarbare ne da aka 'yanto daga bauta, ya hau Neja ya zauna a Eggan ta ƙasar Nufe, burinsa ya kai bishara Barno garinsu. Bai daɗe ba ya rasu, ba a sami kuɗi ko mutanen da za su ɗora ba, aikin ya tsaya. Da Turawan mulki suka ci Arewa, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, gwamnati ta riƙa hana 'yan mishan shiga masarautun Musulmi. Inda aka bar musu shi ne ƙasashen da ba su musulunta ba, irin namu. Waɗanda suka shigo nan kuwa sababbin ƙungiyoyi ne da aka kafa musamman don cikin ƙasa: SIM, wadda mutanenta na farko suka sauka Legas a 1893, ita ta haifi ECWA, da SUM, wadda Karl Kumm ya kawo Wase a 1904, reshenta na Ingila ya haifi COCIN. Tun taron Lakwaja na 1910 ƙungiyoyin mishan suka fara fahimtar juna a kan kada wani ya shiga gonar wani. Filato ta faɗa rabon SIM da SUM. Methodist, da yake aiki ya yi mata yawa a Kudu, ba ta yi gardama ba.

Sai maganar harshe, wadda a ganina ita ce ta yanke hukunci. SIM da SUM sun tarar da harsuna barkatai a kan duwatsun nan, sai suka ɗauki Hausa ta zama harshen makaranta da sujada. Da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, ga kuma Littafin Waƙoƙi, sai Birom da Ngas da Mwaghavul da Tarok da Irigwe suka sami harshe ɗaya na yin sujada tare. Methodist kuwa ta iso Jos ne a aljihun ma'aikata: akawu, malamin asibiti, direban jirgin ƙasa, ɗan kasuwa, masu aiki a kamfanonin kuza. Jirgin ƙasa ya iso daga Zariya wajen 1914, babban layin Gabas ya iso 1927, kowanne ya sauke mutanensa da katunan ajinsu. Suka taru kamar yadda su Ferguson suka taru a Badagry, suka gina majami'a da kuɗinsu, sannan suka nemi a aiko musu rabaran. Amma da Yarbanci da Ibo da Turanci suke sujada, saboda haka ɗan Du ko ɗan Gindiri da ya shigo gari neman aiki, in ya leƙa ya ji waƙa da harshen da ba ya ji, sai ya wuce inda ake yi da Hausa. Tashin hankalin 1966, da ya kwashe 'yan Gabas daga Jos da sauran garuruwan Arewa, ya ƙara rage su na wani lokaci.

Duk da haka kada ka ce babu Methodist 'yan asalin Arewa. Reshen nan na Gabas ya hau har ƙasar Idoma a shekarun 1920, ta Igumale da Otukpo, a lokacin kuma Idoma cikin jihar Arewa take. Nan ne Methodist ta yi saiwa sosai a wannan ɓangaren, har shugaban ɗarikar na ƙasa da aka zaɓa a 2022, Oliver Ali Aba, mutumin Binuwai ne. Suna da makarantar horar da fastoci a Zonkwa ta kudancin Kaduna, kuma yau akwai majami'unsu a Arewa da ake sujada da Hausa.

Abu ɗaya da ke rikita mutanenmu a nan Jos: 'yan'uwanmu na Taraba, na Jalingo da Bambur da Zing da Karim Lamido, waɗanda ake kira UMCN, su ma Methodist ne, da Hausa suke sujada, kuma sun shiga TEKAN, tarayyar ikilisiyoyin da ke da hedikwata a garin nan. Amma ba daga Badagry suka fito ba. Tushensu wani Ba'amurke ne, C. W. Guinter, da ya zo ƙarƙashin SUM a 1906, ya yi aiki a Wukari, ya buɗe tashar Bambur a 1923. Cocin da ya aiko shi ne ya yi ta haɗewa da wasu a Amurka har ya shiga cikin haɗaɗɗiyar Methodist ta can a 1968, sunan ya biyo su nan daga baya. Dattawan da suka girme ka sun san su da sunan ikilisiyar Muri. Shugabancinsu daban, taronsu daban, dukiyarsu daban da ta waɗanda ka yi sujada da su a Badagry.